Kulob ko ƙasa: wa zai doke wani idan aka haɗu a fili?

A watan Afrilun 1999, lokacin da Barcelona ke bikin cika shekara 100 da kafuwa, ta gayyaci tawagar Brazil zuwa Camp Nou domin wasan sada zumunta. An tashi biyu da biyu. Ronaldo ne ya fara ci wa Brazil, Luis Enrique ya farke, Rivaldo ya ƙara, Phillip Cocu ya sake farkewa. Rivaldo kuwa ɗan wasan Barcelona ne a lokacin, su ke biyansa albashi, shi ne ma tauraronsu, amma a daren nan rigar ƙasarsa ya saka ya zura wa iyayen gidansa ƙwallo a raga. Duk mai son shiga musun nan da ba ya ƙarewa a gidajen kallon ƙwallo, wato ko babban kulob zai iya doke tawagar ƙasa, a nan zai fara cin karo da cikas, domin 'yan wasan dai su ne. Idan Real Madrid za ta kara da Faransa, a wane ɓangare Mbappé zai tsaya? Don haka sai dai mu ƙaddara cewa kowane ɗan wasa zai iya buga wa ɓangarorin biyu a lokaci guda, in ba haka ba maganar ba ta da makama.

An sha yin irin wannan karawa a da. A 1969 Atlético Mineiro ta doke Brazil ɗin su Pelé da ci 2-1, tawagar da ta je Meziko bayan 'yan watanni ta ɗauko kofin duniya. A farkon shekarar ne kuma Santos ta zo Legas ta yi canjaras 2-2 da Najeriya, Pelé ya ci duka biyun. Arsenal ta ci Faransa 2-0 a Highbury a 1989. A watan Mayun 2018 Atlético Madrid, 'yan kwanaki bayan ta ɗauki kofin Europa, ta zo Uyo ta doke Super Eagles da ci 3-2, sai dai manyan 'yan wasan Najeriya da ke shirin tafiya kofin duniya a Rasha ba su buga ba. Duka waɗannan wasannin sada zumunta ne, ana sauya 'yan wasa barkatai, kowa na gudun rauni, babu kofin da ake nema. Ba za a kafa hujja da su ba.

Ra'ayina shi ne, a ƙwallon yau manyan kulob biyar ko shida na Turai sun fi kowace tawagar ƙasa iya wasa a matsayin ƙungiya. Idan gasa ce mai tsawo irin Firimiya, gida da waje, su za su zauna a saman tebur. Dalilan guda biyu ne manya, lokaci da kasuwa, kuma lokacin ya fi nauyi.

Manchester City ta buga wasa 61 a kakar 2022/23 da ta haɗa kofuna uku. Ban da wasannin, akwai makonnin share fage kafin a fara kaka, akwai atisaye kusan kullum na tsawon wata goma, a fili ɗaya, ƙarƙashin koci ɗaya da ya shekara bakwai yana gina abu ɗaya. Tawagar ƙasa kuwa, a shekarar da babu babbar gasa, wasa goma ne kasonta, kafin 2026 biyu-biyu a watannin Maris, Yuni, Satumba, Oktoba da Nuwamba. A dubi yadda makon yake tafiya. Ɗan wasa ya buga wa kulob ɗinsa ranar Asabar ko Lahadi, ya hau jirgi, ya isa sansani Litinin ko Talata a gajiye. Ranar farko ta warware gajiya ce da duba lafiya. Ana wasa Alhamis ko Juma'a, a sake hawa jirgi, a buga na biyu, kowa ya kama gabansa. In aka tace, atisayen dabaru na gaske bai wuce sau biyu ko uku ba. Ga 'yan Afirka da 'yan Kudancin Amurka kuma a ƙara da doguwar tafiya da sauyin yanayi, mutum ya baro sanyin Ingila ya faɗa zafin rana. Ko a kofin duniya na Qatar a 2022, mako guda kacal aka bai wa ƙasashe tsakanin tsayar da wasannin lig da buɗe gasar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma kocin ƙasa kullum aikin da aka ba shi ke nan.

Me ya sa lokacin yake da muhimmanci haka? Saboda salon da manyan kulob ke bugawa yanzu ba ya yiwuwa sai da sabo. Ɗauki misalin rutsa abokan hamayya a gidansu. Golansu ya miƙa wa ɗan baya ƙwallo. Lamba tara naka ya taso masa, amma ba kai-tsaye ba, yana karkata gudunsa don ya toshe hanyar mayar da ita ga ɗan'uwansa. A daidai wannan daƙiƙa ɗan gefe ya rufe lamba biyunsu, ɗan tsakiya ya manne wa mai raba musu ƙwallo, 'yan bayanka huɗu kuma su tako gaba ɗaya har kusa da layin tsakiya don kada a bar fili a tsakani. Mutum goma ne ke motsi da alama ɗaya da babu wanda ya furta. Idan ɗaya ya makara da taku biyu, ƙofa ta buɗe, fasin ɗaya zai ratsa su duka, sai ka ga ɗan gabansu daga shi sai gola. Satar gida ma haka take, ɗan baya ɗaya ya yi jinkirin fitowa, tarkon ya lalace. Guardiola da Klopp da Luis Enrique sun ɗauki watanni, wasu shekaru, kafin 'yan wasansu su riƙa yin wannan ba tare da tunani ba. Sabon ɗan wasa da aka sayo da miliyoyi ma yakan shafe kaka guda yana lalube kafin ya gane inda ake so ya tsaya.

Kocin ƙasa ya san ba shi da wannan sarari, shi ya sa masu wayo cikinsu ke sauƙaƙa abu. A tsare gida da kyau, a ƙware a bugun kwana da bugun tazara, sauran a bar wa tauraro ɗaya ko biyu. Faransa ta ɗauki kofin duniya a 2018 da lamba tara, Olivier Giroud, da bai ci ƙwallo ko ɗaya ba a gasar, aikinsa ya danne 'yan baya ya buɗe wa Griezmann da Mbappé hanya. Portugal ta ɗauki kofin Turai a 2016 alhali wasa ɗaya tak ta ci a cikin minti 90, na Wales a kusa da ƙarshe. Babu aibi a wannan, dabara ce da ta dace da halin da suke ciki. Amma wanda ya kalli yadda PSG ta yi wa Inter Milan ci 5-0 a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Munich a 2025, ya san akwai saurin musayar ƙwallo da musayar gurbi da ba kasafai ake gani a wasan ƙasashe ba.

Sai kasuwa. Kulob idan ya ga ɓaraka sai ya je ya sayo abin toshewa. Liverpool tana da 'yan gaba masu zafi amma bayanta na yoyo, sai ta biya fam miliyan 75 ta ɗauko Van Dijk a Janairun 2018. Kurakuran gola suka kashe ta a wasan ƙarshe da Real Madrid a Kyiv a watan Mayu, ta sayo Alisson daga Roma kafin a shiga sabuwar kaka. Shekara na zagayowa ta ɗaga kofin Zakarun Turai. Ƙasa ba ta da wannan dama, abin da Allah ya ba ta a zamaninta shi za ta yi aiki da shi. George Weah ya zama gwarzon duniya a 1995, amma Laberiya ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba. Ryan Giggs ya gama wasansa bai je babbar gasa da Wales ba. Ko manyan ƙasashe sukan rasa mutum a wani gurbi. Jamus ta ɗauki kofi a 2014 da Benedikt Höwedes a lamba uku, shi kuwa ɗan tsakiyar baya ne, an ɗora masa ne don babu wanda kocin ya aminta da shi a wurin.

Da can kulob ma ba su da wannan 'yanci. A gasar Turai akwai ƙa'idar da ta taƙaita yawan baƙin da za a saka, har ta kai Alex Ferguson ya ajiye Peter Schmeichel a wasan da Barcelona ta lallasa Manchester United 4-0 a 1994. Hukuncin da kotun Turai ta yanke a shari'ar ɗan wasa Bosman a Disamban 1995 ne ya rushe shingen ga 'yan ƙasashen Tarayyar Turai, daga nan manyan kulob suka koma matattarar gwanayen duniya. Inter ta Mourinho ta ci Bayern a wasan ƙarshe na 2010 ba tare da ɗan Italiya ko ɗaya a cikin sha ɗayan farko ba: gola da 'yan baya biyu daga Brazil, huɗu daga Ajantina, ga Eto'o na Kamaru, ga Sneijder na Holan. PSG ta 2025 kuwa golanta ɗan Italiya ne, lamba biyu Hakimi na Maroko, tsakiyar baya ɗan Brazil da ɗan Ecuador, uku daga Portugal, ga Kvaratskhelia na Georgia. Kowane gurbi an zaɓo shi ne daga duniya baki ɗaya. Saboda haka amsar wannan tambaya a 1970 daban take da ta yau. A wancan zamani Brazil ta fi kowane kulob tara gwanaye, domin gwanayen suna warwatse a ƙungiyoyin ƙasashensu.

Misalin da ya fi nuna cewa tarin sunaye ba ya zama ƙungiya shi ne Ingila a 2008. Wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Moscow tsakanin Manchester United da Chelsea aka yi shi, kuma cikin mutum 22 da suka fara wasan, goma 'yan Ingila ne: Ferdinand, Terry, Lampard, Rooney, Ashley Cole, Scholes, Carrick da sauransu. Bayan 'yan makonni aka buɗe gasar kofin Turai ta ƙasashe, babu Ingila a ciki, ta kasa samun gurbi. An shafe shekaru ana neman yadda Gerrard da Lampard za su zauna tare a tsakiya, kowanne sarki ne a kulob ɗinsa, an gina masa tsarin da ya dace da shi, da sun haɗu sai su riƙa taka ƙafar juna.

Akwai wani abu a tarihi da nake ganin ya kamata a daɗe a kansa, don shi ne ya fi ƙarfafa mini gwiwa a wannan ra'ayi. Tawagogin ƙasa da duniya ke tunawa da kyawun wasansu, in ka bincika, kusan duk kulob ne aka sauya wa riga. Hungary da ta je Wembley a 1953 ta ci Ingila 6-3, ta kuma ƙara mata 7-1 a Budapest a shekarar da ta biyo baya, yawancin 'yan wasanta daga Honvéd suke, ƙungiyar sojoji da aka tara su Puskás da Kocsis da Bozsik a cikinta da gangan don su riƙa atisaye tare, akasarin sauran kuma daga ƙungiyar MTK. Italiya ta taɓa fitowa wasa da Hungary a 1947 da 'yan Torino goma, gola kaɗai ne daga wani wuri. Tarayyar Sobiyat ta je kofin duniya na 1986 da kocin Dynamo Kyiv, Valeriy Lobanovskyi, da 'yan wasansa 12, makonni kaɗan bayan sun ɗauki kofi a Turai, suka buɗe gasar da yi wa Hungary 6-0.

Sifaniya ta 2010 kowa ya gan ta. A wasan ƙarshe da Holan, Piqué, Puyol, Busquets, Xavi, Iniesta da Pedro duk 'yan Barcelona ne, David Villa ma ya riga ya sa hannu zai koma can, uku kuma daga Real Madrid. Vicente del Bosque bai koya musu riƙe ƙwallo ba, a hannu ya karɓa. Duk da haka ƙwallo takwas kawai suka ci a wasa bakwai, duk wasanninsu huɗu na zagayen sili-ɗaya-ƙwale 1-0 suka tashi. Barcelona ce da aka cire mata Messi da Dani Alves, kuma an ga gurbin. Da za a haɗa su da Barcelona ta 2011 da ta ci Manchester United 3-1 a Wembley, ba na shakkar wanda zan zaɓa.

Jamus ta 2014 kuma Bayern ce ƙashin bayanta. A tuna daren Belo Horizonte da suka yi wa Brazil 7-1. Ƙwallon farko Kroos ne ya bugo kwana, Müller ya zame daga masu tsaronsa ya tura ta raga. Ta biyu Kroos ya zura wa Müller, shi kuma ya ajiye wa Klose. Ta uku Lahm ya kwaso daga dama, ta wuce Müller, Kroos ya tare ta da ƙafar hagu. Mutanen da suka saba da juna a Munich ne ke wasa da mutanen da suka rikice, babu wanda ya san inda ɗan'uwansa yake.

A Afirka ma labarin bai sauya ba. Masar ta Hassan Shehata ta ɗauki kofin nahiya sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, da tawagar da akasarinta 'yan gida ne, jigoginta irin su Aboutrika da Wael Gomaa da gola El-Hadary daga Al Ahly, wadda ita ma ke mamaye gasar zakarun Afirka a shekarun. A 2008 a Kumasi sun ci Ivory Coast ta su Drogba da Yaya Touré 4-1, tawagar da a takarda ta fi su tsada nesa ba kusa ba. Najeriya da ta ɗauki kofinta na farko a Legas a 1980, a kan Rangers ta Enugu da IICC ta Ibadan aka gina ta, su Christian Chukwu da Segun Odegbami da Muda Lawal. Na baya-bayan nan shi ne Afirka ta Kudu a gasar da aka yi a Ivory Coast a farkon 2024. Kocinta Hugo Broos ya kwaso yawancin sha ɗayansa daga Mamelodi Sundowns, suka fitar da Maroko da ci 2-0, suka kuma riƙe Super Eagles mai Osimhen da Lookman 1-1 a Bouaké, sai a bugun fenariti gola Nwabali ya cece mu. In aka jera 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya, Najeriya ta fi su. A fili kuwa su ne suka fi sanin inda za su aika ƙwallo.

To ke nan ƙasashe ba su da tasu? Suna da ita, kuma ba ƙarama ba ce. Na farko, akwai ƙasashe ƙalilan da kan tara abin da kuɗi ba zai iya tarawa ba. Brazil ta 2002 ta jera Ronaldo da Rivaldo da Ronaldinho a gaba, Cafu da Roberto Carlos a gefe. Faransa ta yau za ta iya fitar da tawaga biyu da kowacce za ta yi gogayya a ko'ina. Portugal ta ɗauki kofin Nations League a Yunin 2025 da Vitinha da João Neves da Nuno Mendes, mako guda bayan sun ɗaga na Zakarun Turai da PSG, a filin nan dai na Munich, ga kuma Bruno Fernandes da Bernardo Silva a gefensu.

Na biyu, tsare gida ya fi kai hari sauƙin koyarwa, ƙwallon ƙafa kuma wasa ne da ba a cin ƙwallaye da yawa, don haka mai rauni yana da rabo a wasa ɗaya. Walid Regragui bai cika wata huɗu da karɓar Maroko ba ya kai ta kusa da ƙarshe a Qatar, bayan ta ci Belgium, ta fitar da Sifaniya a fenariti, ta ci Portugal 1-0. Girka ta yi irin wannan a 2004 har ta ɗauki kofin Turai. Manyan kulob ɗin ma ana kayar da su ta wannan hanya. Sheriff Tiraspol ta Moldova ta ci Real Madrid 2-1 a Bernabéu a 2021, Al Hilal ta Saudiyya ta fitar da Manchester City da ci 4-3 a kofin duniya na kulob a 2025, PSG ɗin da muke yabo Chelsea ta yi mata 3-0 a wasan ƙarshe na wannan gasa. Idan Sheriff za ta iya, Maroko ko Senegal ko Uruguay ba abin da zai hana su.

Na uku shi ne kishi, kuma ba na raina shi. Wanda ya ga yadda 'yan Ajantina suka riƙa gudu suna faɗuwa saboda Messi a 2022, ko yadda Ivory Coast ta farfaɗo bayan Equatorial Guinea ta ci ta 4-0 a gida, aka kori koci ana tsakiyar gasa, ta zo ta ɗauki kofin, ya san rigar ƙasa na fitar da wani abu daga jikin ɗan wasa da albashi ba ya fitarwa. Sai dai wannan wuta ta wata guda ce. Wasa bakwai za ta iya ɗauka, ba za ta kai mutum wasa 38 ba, ranar da za a je bugawa da ƙaramar ƙungiya cikin ruwan sama ga 'yan wasa uku na jinya.

Idan aka ce in raba su, ga yadda nake gani. Faransa, Sifaniya, Ajantina, Portugal, Ingila da wataƙila Brazil da Jamus, a wasa ɗaya da Real Madrid ko PSG ko Bayern ko Manchester City a lokacin ganiyarta, abin zai yi kusa, kulob ɗin na da ɗan rinjaye. A wasa biyu gida da waje rinjayen zai ƙaru, domin kocin kulob yana da hanyoyi da dama da 'yan wasansa suka riga suka haddace, zai gyara abin da ya gani a wasan farko. Ƙasashen da ke biye, irin su Maroko, Senegal, Japan, Croatia, Najeriya, za su wahalar da kowa a rana ɗaya, amma a lig mai tsawo a tsakiyar teburin Firimiya nake hango su. Sauran ƙasashen duniya, wato mafi yawansu, babban kulob zai ci su ba tare da ya sha wuya ba.

Abin da zai iya sauya lissafin shi ne a bai wa ƙasa lokaci. Da za a kulle 'yan wasan Faransa ko Sifaniya a sansani ɗaya na kaka guda, suna wasa duk mako, ban ga kulob ɗin da zai tsaya musu cikin sauƙi ba. Hakan ba zai faru ba, tunda kulob ne ke biyan albashin, kuma su ne ke kukan an cika wa 'yan wasa jadawali. Ɗan sauyin da FIFA ta amince da shi shi ne daga 2026 a haɗe hutun Satumba da na Oktoba ya zama guda, kwana 16 a jere da wasa huɗu. Kocin ƙasa zai samu fiye da mako biyu da mutanensa a wuri ɗaya ba tare da babbar gasa ba, wanda ci gaba ne a gare shi, ko da yake bai kai ko rabin makonnin da kulob ke ɗauka yana share fagen kaka ɗaya ba.